Kafin ka yanki reshen tuffa, duba inda ya fito

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu noman tuffa a tudun Jos.

Shekarun baya na yanko rassa daga ƙololuwar bishiyata mai yawan 'ya'ya, irin Anna ɗin nan da aka samar a Isra'ila, mai jure ƙarancin sanyi. Na kafa su a ƙasa mai laima, ina ban ruwa safe da yamma. Suka yi ganye har na fara murna, sai suka bushe. Da na tumɓuke ɗaya, ko zaren saiwa babu, gindin ya yi baƙi ya ruɓe. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ashe reshe ma yana da ƙuruciya da girma. Wanda ya kai munzalin yin fure ya riga ya manyanta, da ƙyar yake fitar da saiwa. Tohon da ke fitowa kusa da gindi kuwa, duk da nan ne ɓangaren da ya fi daɗewa a jikin bishiyar, yana nan da ƙuruciyarsa, shi ya sa yake kamawa da wuri.

Masana a cibiyar binciken noma ta East Malling a Ingila, wadda aka kafa a 1913, su suka tantance gindinan aure, wato gindinan da ake aura wa reshen wata tuffa, irin su M9. Yadda ake yaɗa su: a sare bishiyar dab da ƙasa, kututturen ya yi toho, a tara masa ƙasa ko dusar katako, kowane toho ya yi saiwarsa, sannan a cire. Kullum ana mayar da ita yarinya ke nan.

Amma a kula, tohon da ya fito ƙasa da mahaɗin aure na gindin ne, ba zai ba ka Anna ba. Shi za ka yi renonsa, sannan ka aura masa reshen bara mai kaurin fensir daga saman bishiyar da ta fara haihuwa, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Cikin shekara 2 zuwa 3 sai ka ga fure, alhali wadda aka shuka daga ƙwaya tana iya cin shekara 6 ko fiye, kuma ba lallai 'ya'yanta su gado uwar ba.

Ina kira ga malaman gona su zo lambunanmu da wuƙar aure a hannu, su nuna wa matasa inda ake yanka.

Naka,
Wani manomin tuffa, Jos