Direbobin dutse, dan Allah a daina sakin giyar mota a gangara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya kara basira. Ina rokon dan fili a shafin wasiku, maganar motocin dake bin hanyoyin duwatsu ce anan wajenmu arewacin Kamaru, tunda ga damina ta zauna kuma kowa yasan irin labarin da muke ji duk shekara in ruwa ya kankama.

Ni bakanike ne a Marwa, yawancin motocin da ake kawo min na yan kasuwar duwatsun Mandara ne, masu cin kasuwar Mokolo ran Laraba, masu gangarawa Koza dauko albasa, da masu bin hanyar Mogode da Rumsiki suna lodin dankali da gyada. Duk sanda mota ta fada rami magana daya zakaji a tasha, birki ne ya tsinke, kaddara ce. Toh kaddara gaskiya ce babu musulmin da zai musa, amma mu da muke kwance tayar muna ganin abinda ke ciki, wallahi mafi yawan lokaci ba wani abinda ya tsinke, dafa birkin akayi da kafa tun daga saman dutse.

Ga yadda abin yake. Direba ya kama gangara mai tsawo da lodi, sai ya dora kafa akan birki bai dagawa, wani ma abin takaici sai ya cire giya gaba daya ya bar mota tana gangara da nauyinta wai yana tattalin mai, kuma wannan dabi'ar ta karu sosai tun 2023 da Najeriya ta cire tallafin mai, zuwa-zuwa wato fetur din sumoga da ake shigo mana dashi daga can yayi tsada, har akwai masu kashe injin dungurungum, alhali in ka kashe inji taimakon da yake ba birki ya tafi, taku biyu uku feda ta sandare. Duk nauyin motar nan da buhunan da mutanen ya koma kan birki shi kadai, zafi yana taruwa. Man birki sabo irin DOT 3 sai zafi ya kai wajen digiri 205 yake tafasa, amma man nan yana shan danshin iska a hankali, in ya tsufa a mota a digiri 140 ma sai ya tafasa. Da ya tafasa ya zama kumfa cikin tiyo, ka taka feda ta tafi har kasa ba komai. Bayan rabin awa kuma in ya huce birki ya dawo garau, shine zakaji ana cewa aljanun dutse ne suka rike motar, don an gwada birki bayan hadari an ga yana ci.

Ku zo gareji ku gani. Faifan birki ya canza kala ya koma shudi-shudi saboda wuta, fatar birkin ta kone tayi santsi tana kyalli, man da muke tsiyayowa baki kirin kamar shayin da ya kwana a buta, ka tambayi mai mota yaushe rabon da a canza shi yace ai tunda ya sayi motar kari kawai yake yi. Wasu in ya kare musu a daji ruwan sabulu suke durawa, su iso gari kuma su manta dashi a ciki.

Maganin abin ba kudi yake ci ba. Tsofaffin direbobi sun sani, giyar da ka hau dutse da ita da ita zaka sauka, in da lamba daya ka hau toh da lamba daya zaka gangara, kuma tun kana sama kafin hancin mota ya duka zaka saka ta, don in ta riga ta dau gudu giyar bazata shiga ba sai kara. Inji ya rike motar, birki kuma ka taka da karfi ka saki ya sha iska, ba ka kwantar da kafa akai ba. In kaji kauri, tsaya inda ke da fadi a sa waiji, wato abin tokare taya, a jira, kar a watsa masa ruwa. Masu Hilux da Land Cruiser kuna da karamar giyar nan ta 4L, don irin wurin nan akayi ta, amma motoci nawa ne aka cire musu farfelar gaba, karfen dake juya tayoyin gaba, don ta lalace an ki gyarawa, a jiki an rubuta 4x4 a kasa taya biyu ke ja.

Sai lodi. Nan kam har da mu fasinja da masu kaya a laifin. Buhu kan buhu har ya wuce kan direba, a daure da igiya, sannan mutane su hau can sama su zauna harda mata masu goyo. A kan kwalta mikakkiya zata iya kai ku, amma hanyar dutse a karkace take, ruwa ya zaizaye gefe daya, taya daya ta hau dutse daya ta fada kwari, nauyin yana sama, ai kifewa zatayi ko direban waye. Da can in an zo mugun wuri kowa sauka yake a taka da kafa, yaron mota yana bin ta a gefe da waiji a hannu, yanzu kace mutum ya sauka sai yace ai ya biya kudinsa. Yaran mota kuma dan Allah, a gefen taya ake tsayawa a sa waiji, ba a bayan mota ba, wanda ya tsaya a baya in ta zame shi zata fara takawa. Kuma in an hadu a matsatsi mai hawa shi keda hanya, mai gangara ya nemi wuri ya rabe tun daga nesa, hon a kowace kwana ba kauyanci bane.

Nasan abinda direbobi zasu ce, kuma suna da gaskiyarsu. Tun wajen 2014 da fitinar Boko Haram ta shigo yankin Mayo-Tsanaga babu mai son magariba ta same shi tsakanin Koza da Mozogo ko wajen Turu, kowa sauri yake ya shiga gari da ido. Amma wa ya rike motar a kasuwa har la'asar sakaliya? Mu ne, wannan yana jiran cikon kudi wancan yana neman ragin buhu daya, sai rana tayi ja sannan a ce direba taka mana. In tsoron dare ake toh a tashi da azahar, ko a kwana, ba a biyan bashin lokaci a gangaren dutse.

Maganar mayo, wato rafi da Fulatanci, ma haka, ruwan da zai tafi da mota ba lallai a kanka aka yi shi ba, can saman dutse aka tafka shi kai kana cikin rana, minti kadan mayon da yake yashi ya cika yana jan itace da duwatsu. Irin wannan ruwan baya dadewa, a jira ya janye, in ba'a ganin bakin simintin da aka shimfida a mashigin kar a shiga.

Wanda yake ganin na cika surutu ya tambayi direbobin manyan motoci akan gangaren nan na Mbe tsakanin Ngaundere da Garwa. Kwalta ce, babbar hanyar kasa ce mai lamba 1, amma saukowa ake daga tudun da ya haura mita 1,000 zuwa kwarin Binuwai, kuma sun san motoci nawa suka bari a kwanonin nan saboda birki yayi zafi. Toh in mai kwalta da alamomi haka take ina ga wadda ko greda bata gani ba.

Yaranmu masu tafiya neman zinari arewacin Chadi su nasu yafi wannan. Duwatsun Tibesti ba Mandara bane, namu mafi tsawo bai kai mita 1,500 ba, can Emi Kusi ya kai mita 3,415, hanyar Zuwar zuwa Bardai ma sai ta haura mita 2,000. A irin wannan tsawon iska tayi karanci, injin da bashi da turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na karfinsa duk mita 300, kaga kusan kashi daya cikin biyar ya tafi ga lodin jarkoki da mutane, ga sanyin dare lokacin hunturu har ruwa na daskarewa, ga nakiyoyin da suka rage tun yakin Chadi da Libiya da aka gama gwabzawa a 1987. Can ba'a kauce wa sawun motar gaba don neman yanke, kuma ba'a tafiya mota daya.

Rokona ga shugabannin tasha da kungiyoyin direbobi, yaron da ya koyi tuki a cikin Marwa inda tituna suke a shimfide kar a mika masa makulli ya hau Koza sai ya bi babba ya ga yadda ake saukowa. Masu shingen hanya in sun gama duba takarda su daga kai su dubi lodin. Gidajen rediyo su fadi maganar giya da man birki da Hausa da Fulatanci da Mafa da Kapsiki. Masu motoci kuma a juye man birki a zuba sabo ko da duk shekara biyu, kudinsa bai kai na buhun dankali daya ba. Ku kuma Malam Edita in da hali ku turo wakilinku ya hau motar kasuwa daga Mokolo zuwa Koza cikin watan Agusta, ya zauna a baya tare da jama'a ba gidan gaba ba, ya rubuto muku abinda ya gani.

Wassalam, naku mai karatu,
wani bakanike daga Marwa, Kamaru