Mu Biyar Ne, Ɗaki Muke Nema

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka, amma don Allah ka sakaya sunana. Ni bakanike ne a Farin Gada, shekarata 47, ina da mata da 'ya'ya shida. Shekara 19 na yi ina shan giya. Ranar Juma'ar da ta wuce na cika shekara uku da wata biyu rabona da ita.

Da burukutu na fara a Kabong, wai maganin sanyin Jos. Daga nan sai goskolo, wanda duk ɗan garin nan ya san samarin da ya kai kushewa. Ƙarshe na koma wa ta leda, irin wadda NAFDAC ta sanar da haramtawa a 2024. Ita ta fi cuta ta, don babu kwalbar da za ta tona maka asiri.

Sau uku ina dafa Alƙur'ani a gaban mahaifiyata. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya. A karo na ƙarshe na yanke ta rana ɗaya. Kashegari hannuna na rawa ko sifana ba na iya riƙewa, gumi na karyo mini cikin hunturun Disamba. Dare na uku na fara ganin abubuwa suna tafiya a bango. Gida aka ce iska ce. Likita ya ce jikin ne ya saba, kuma wanda ya daɗe yana sha da yawa in ya bari kwatsam ba magani, jijjiga na iya kashe shi. Masu niyyar bari, ku fara ganin likita.

Ranar da aka sallame ni daga asibiti wata nas ta rubuta mini lambar waya a bayan katina, ta ce, “Baba, magani ya yi nasa, saura mutane.”

Lambar ta kai ni wani aji a bayan coci, mutum tara a kan bencin yara. Na cusa hulata a aljihu kada a gane ni, na zauna bakin ƙofa. Wani dattijo mai furfura ya faɗi sunansa na fari kawai, ya ce shi mashayi ne, sannan ya ba da labarin yadda ya sayar da keken ɗinkin matarsa. Ni injin markaɗe na sayar. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai daren nan.

Tsarin na Alcoholics Anonymous suke bi, wato ƙungiyar masu barin giya, wanda ya faro a 1935 a Akron ta jihar Ohayo a Amurka, lokacin da wani dillalin hannun jari, Bill Wilson, da wani likita, Bob Smith, suka lura cewa mashayi ya fi jin maganar ɗan'uwansa mashayi. Ba kuɗin shiga, ba wa'azi, ba mai katse ka, kuma abin da aka faɗa a ɗakin a nan yake kwana. Ba a ce ka yi alkawarin har abada, na yau kaɗai. Wanda ya riga ka nisa yakan ba ka lambarsa. Na taɓa kiran nawa ƙarfe biyun dare ina tsaye ƙofar gidan giya, ya riƙe ni da hira har na iso gida.

To ga inda gizo ke saƙar. Da Turanci da Burokin ake zaman, na intanet ma haka, ga cin data. Sannan tun rikicin 2001 garin nan ya rabu, ba kowane mutumin Unguwar Rogo ko Gangare zai yarda ya tsallaka wata unguwa da dare ba, ko da yake, abin dariya, da muna sha ba mu taɓa jin tsoron tsallakawa ba. Mu kuma a gida mun ɗauka giya matsalar wasu ce. Ni da na zauna a bencin gidan giya shekara 19 na san masu manyan riguna da muka yi kafaɗa da kafaɗa da su.

Mai nema ya je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, a Lamingo, kada sunan ya tsorata shi, ya tambaya kai tsaye ko sun san inda masu barin giya ke zama.

Yanzu mu biyar muna namu da Hausa, duk Talata bayan Isha'i, a garejina tsakanin injuna. Damina ke korar mu. Na nemi aji a wurin kwamitocin masallaci biyu. Ɗaya ya ce za mu ɓata wa wurin suna, ɗayan ya ce zai neme ni, wata takwas ke nan. Malamanmu sun fi ni sanin cewa haramcin giyar ma daki-daki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida.

Aji ɗaya na Islamiyya muke roƙo, awa ɗaya a mako, bayan yara sun tashi. Za mu share, mu zo da fitilarmu da shayinmu. Lambata tana hannun Edita.

Naka,
Wani bakanike, Farin Gada, Jos