A Riƙa Kula da Daidaiton Fitowa a Finafinanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana damuna a finafinan Hausa, musamman masu dogon zango, wato rashin daidaito tsakanin wata fitowa da mai bi mata.

Sau da yawa jaruma takan fara magana ɗaurin ɗankwalinta yana dama, kyamara ta juya wajen mijinta, kafin ta dawo ɗaurin ya koma hagu. Amarya takan shiga ɗaki da lalle jawur a hannu, ta fito babu ko alamarsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin ba a ɗaukar fim bi da bi yadda muke kallonsa. Duk abin da ya faru a gida ɗaya akan ɗauke shi lokaci guda don a rage kuɗin lokeshan, ta yadda wanda ya fita daga ƙofa yau, wataƙila sai bayan makonni za a ɗauki isowarsa waje. Idan babu wanda ya rubuta irin hular da ya sa da hannun da ya riƙe makulli, dole a sami saɓani.

Manyan finafinan Amurka ma ba su tsira ba. A fim ɗin North by Northwest na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a 1959, ana ganin wani yaro ya toshe kunnuwansa tun kafin a harba bindiga. A 2019 kuma an manta da kofin gahawa na zamani a kan tebur a shirin Game of Thrones, sai da 'yan kallo suka yi caa aka goge shi da kwamfuta. Sai dai su can akwai ma'aikacin da aka ɗauka musamman don wannan aiki, kuskuren kuɓuce masa ya yi. A wurinmu kuwa, a ganina, yawancin furodusoshi ba su ɗauki aikin a bakin komai ba, alhali littafin rubutu da kyamarar wayar hannu sun isa a fara, kuma wannan sakaci raina hankalin mai kallo ne.

Tunda Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, tana nan Jos tare da makarantarta ta koyar da aikin fim, ina kira gare ta da ta shirya gajeren horo da harshen Hausa a kan wannan fanni, su kuma furodusoshi su ware wa mai aikin kasonsa a kasafin kowane fim.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos