Jarrabawar Tarihin Fasahar Hannu: Kira Ga Iyaye Da Malaman Lesin A Saudiyya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da iyaye 'yan uwana mazauna Saudiyya, musamman waɗanda 'ya'yansu ke karatu a makarantun da ke bin tsarin Amurka a Jidda da Riyad da Dammam. Maganar ta shafi jarrabawar AP (Advanced Placement, jarrabawar share fagen shiga jami'a ta Amurka) ta tarihin fasahar hannu, wato zane da sassaƙa da gini da saƙa, da kuma malaman lesin da muke biya domin su shirya mana yara. 'Yata ta biyu ta zauna wannan jarrabawa a watan Mayun da ya wuce, kuma abin da na gani a watanni takwas na shirinta ya hana ni yin shiru.

Hukumar College Board ta Amurka ce ke shirya jarrabawar, kuma darasin a matakin shekarar farko ta jami'a yake, ko da yake 'yan sakandare ne ke ɗaukarsa. Tun daga jarrabawar 2016 aka taƙaita manhajar a kan ayyuka 250 da aka kasa gida 10, daga zanen da mutanen farko suka yi a jikin duwatsu har zuwa ayyukan masu fasahar da ke raye a yau. Sa'o'i 3 ake yi ana rubutawa: sa'a guda ga tambayoyi 80 na zaɓi, sa'o'i 2 kuma ga tambayoyi 6 na rubutu, biyu dogaye, huɗu gajeru. Maki daga 1 zuwa 5 ne, kuma jami'o'i da dama a Amurka sukan yafe wa ɗalibi wani kwas idan ya zo da maki mai kyau. Na san akwai iyayen da ke tambayar abin da za a ci da irin wannan karatu, amma yaron da ke son zama mai zanen gine-gine, ko mai aiki a gidajen adana kayan tarihi da ƙasar nan ke ta buɗewa, ba shi da sharar fage da ta fi wannan.

Malamin da na fara ɗauka, ta intanet yake koyarwa, kuma mutum ne mai ƙwazo wanda bai taɓa makara ba. Hanyarsa ita ce kati: kowane aiki da katinsa, hoto a gaba, a baya kuma suna da shekara da wuri da abin da aka yi shi da shi. Kafin watan Janairu yarinyar ta haddace mafi yawansu, har takan zauna a falo bayan sallar isha'i ƙaninta yana ɗaga kati tana amsawa ba gargada. Na yi murna ƙwarai, domin mu mutane ne da muka san darajar hadda. Sai aka yi gwaji a makaranta, aka ba su hoton wani masallaci da ba ya cikin jerin 250, aka ce su faɗi al'ummar da ta gina shi, su kuma kawo hujja daga abin da idonsu ke gani. Ta dawo gida idonta ya yi ja, ta ce mini: "Baba, wannan ba ya cikin katin." Ashe haka jarrabawar take da gangan, domin a cikin tambayoyin rubutu akwai wadda ake kawo baƙon aiki a ce ɗalibi ya bayyana shi, akwai kuma wadda ake so ya jingina baƙon aiki ga mai shi ko ga al'ummarsa ta hanyar kamanta shi da wanda ya sani.

Ba haddar nake zargi ba. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san cewa ba tilawa kaɗai ke sa a kira mutum gwani ba, sai ya san inda aya ta yi kama da 'yar uwarta da inda suka rabu, ya kuma iya ɗaukar alƙalami ya rubuta da ka. Abin da malamin lesin ɗinmu ya ba yarinyar shi ne matakin farko, ya tsaya a nan, alhali kuwa rabin makin jarrabawar yana wajen rubutu, inda ake auna ko yaro ya iya kallo, ya kwatanta, ya kare ra'ayinsa da hujja.

Wata malama a makarantarsu ce ta ba mu shawarar da ta sauya komai. Ta ce mu ajiye katin ranar Asabar, mu fita da yarinyar ta kalli abu na gaske, ta amsa tambayoyi huɗu a kansa: yaya siffarsa take, me aka yi shi dominsa, me yake faɗa, kuma a wane zamani da wane hali aka yi shi. Muka tafi Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, muka tsaya bayan la'asar a gaban Gidan Nasif da gidajen da ke kewaye da shi. Ta ɗora hannu a bango, ta ga ashe dutsen murjani ne na Bahar Maliya, mai ƙananan ramuka kamar soso, an kuma gitta katako a tsakanin sahun duwatsun. Ta ɗaga kai ta dubi rawashin, tagogin katakon nan masu huda da suka turo kan titi, na tambaye ta dalilin da zai sa mutum ya ɓata wannan aiki a kan taga. Ta yi shiru har na ɗan lokaci, sannan ta ce iska tana shiga, rana ba ta shiga, kuma matan gida suna ganin titi ba tare da an gan su ba. Wannan jimla ɗaya ta haɗa siffa da amfani da al'adar mutanen da suka yi ginin, kuma irinta ce masu duba takardu ke ba wa maki.

Darasi na biyu daga gida ya zo. Kawunta, wanda mahaifinsa magini ne a Zariya, ya zo Umra a watan azumi ya sauka a wajenmu. Ya tarar da ita tana bitar Babban Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda ke cikin jerin, an kafa shi tun wajen ƙarni na 13, ginin da ke tsaye yanzu kuma na 1907 ne. Bai taɓa jin sunan jarrabawar ba, amma da ya karɓi wayar ya faɗaɗa hoton da yatsunsa, sai ya ce mata itatuwan nan da suka fito daga bango na giginya ne, irin wanda muke yin azara da shi domin gara ba ta cinsa, kuma a kansu masu yaɓe ke takawa. Ya nuna mata indararo, ya bayyana mata dalilin da ya sa ake tsawaita shi don kada ruwan sama ya zaizaye bango, ya ce ginin ƙasa kamar mai rai ne, idan aka daina yi masa yaɓe shekara-shekara zai koma ƙasar da ya fito. Littafinta ya riga ya gaya mata cewa mutanen Jenne sukan fito gaba ɗaya kowace shekara su yi wa masallacin yaɓe, amma sai a ranar ta fahimci dalili.

Wannan ya kawo ni ga wata gata da yaranmu na nan suke da ita, wadda malaman lesin da yawa ba sa amfani da ita. Ka'aba tana cikin ayyukan 250, tare da bayanin kiswarta ta baƙar alhariri da ayoyin da aka ɗinka da zaren zinariya da azurfa, kuma abin da ɗalibi a Amurka ke gani a hoto, yaron Jidda yana isa gare shi a tafiyar kimanin sa'a guda. Akwai Ƙubbatus Sakhra ta Ƙudus da halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina a 691 zuwa 692, akwai shafin Alƙur'ani da rubutun Kufi, akwai masallacin Ƙurɗuba da fadar Alhambra a Andalus, da masallacin Sultan Salim na Biyu da magini Sinan ya gina a Edirne ta ƙasar Turkiyya. Akwai ma wani dutse mai siffar mutum na fiye da shekara 5,000 da aka samo a yankin Ha'il, wanda ke gidan tarihi na ƙasa a Riyad, kuma wanda ya ga kaburburan Nabaɗawa a Mada'in Salih ya riga ya fahimci rabin abin da za a tambaye shi a kan Petra, tsohon birnin Nabaɗawa da ke ƙasar Jordan. Yaron da ya taso yana sallah ba ya bukatar a fassara masa mihrabi da mumbari da alƙibla. Abin da yake bukata shi ne a koya masa yadda zai mayar da abin da ya sani hujja a rubuce.

Akwai abin da ya yi mini ciwo da na karanta jerin. Sashen Afirka ayyuka 14 ne kacal, uku daga cikinsu daga Najeriya: allon tagulla na fadar Oba ta Binin, da ikenga, gunkin katako na Ibo, da ginshiƙin da Olowe na Ise ya sassaƙa a ƙasar Yarabawa. Babu aikin Bahaushe ko ɗaya. Babu Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da bakan gizonsa na ƙasa da azara, babu hasumiyar Agadas, babu babbar riga mai aska takwas, babu zayyanar da ake yi wa allo ranar sauka. Sai dai a dogayen tambayoyin ana ba ɗalibi damar kawo aikin da ba ya cikin jerin, muddin ya dace da sharaɗin tambayar kuma ya iya gabatar da shi da cikakken bayani, saboda haka ƙofar ba a rufe take ba.

Kada kuma wannan ya sa iyaye su ɗauka ana iya cin jarrabawar da abin gida kaɗai. Sassa biyu na Turai da Amurka su kaɗai sun ɗauki ayyuka 105, kuma babu makawa sai yaro ya zauna ya san su. A cikinsu da cikin na Girkawa akwai gumaka da hotunan mutane babu sutura, don haka ya kamata uba ya buɗe jerin da kansa kafin a yi rajista, ya nemi shawarar malaminsa idan zuciyarsa ba ta natsu ba, maimakon ya gano hakan a tsakiyar shekara bayan an biya kuɗi.

Ga mai neman malamin lesin, shawarata ita ce ya zauna a darasin farko ya saurara. Idan sa'a ta cika malami ne kaɗai ya yi magana, yaro bai bayyana ko hoto ɗaya da bakinsa ba, to a sake tunani. A tambaye shi sau nawa a wata zai sa yaro ya rubuta amsa da agogo a gabansa, minti 30 ga doguwa, 15 ga gajera, kuma ko yana gyarawa da ma'aunin makin da hukumar ke wallafawa kyauta tare da tambayoyin shekarun baya. Tun 2025 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar, don haka yaron da hannunsa bai saba da buga rubutu ba zai yi asarar lokaci. A kuma tuna cewa makarantu kan rufe rajista kafin tsakiyar Nuwamba, sannan a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a cikin watannin bita, ga kuma hidimar alhazai da ke ɗauke hankalin gidajenmu da yawa daf da jarrabawar, saboda haka nauyin karatun ya kamata a sauke shi tun kafin Sha'aban.

Sakamakon 'yata ya fito a watan Yuli, ta samu 4, mun kuma gode wa Allah. Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka buɗe shafi ga malaman sashen zane da na tsara gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, da kuma sarakunan magina da suka rage, su riƙa rubuto mana bayanin gine-ginenmu ɗaya bayan ɗaya, da hoto da shekara da sunan magini da kayan da aka yi aikin da su. Ƙanin yarinyar zai shiga wannan aji nan da shekara biyu, kuma ina so kafin lokacin in sami abin da zan ɗora masa a kan tebur game da masallacin Zariya.

Wassalam.

Naka,
Wani uba mazaunin Jidda, Saudiyya