Littafin mai unguwa da rajistar asibiti: inda yaran Kano ke ɓacewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Mu wasu ma'aikatan lafiya ne a matakin farko. Muna neman fili a jaridarka domin mu yi magana kan bambancin da ke tsakanin unguwannin birnin Kano ta fuskar lafiya, da abin da mutanen unguwa za su iya yi a kai ba tare da sun jira an gina musu sabon asibiti ba.

Kano ba ta rasa manyan asibitoci ba. Ga na Murtala, ga na Malam Aminu Kano, ga na Nassarawa, ga na yara na Hasiya Bayero. Amma jaririn da aka haifa a Bompai da wanda aka haifa a lungunan Kurna ko Rimin Kebe, duk da cewa adaidaita sahu ɗaya zai iya zaga su kafin azahar, ba hanya ɗaya suke bi ba. Na farko likita ya gan shi ranar da ya faɗo. Na biyu a ɗaki aka haife shi, kuma sau da yawa babu wata takarda a duniya da ta san da zamansa. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta yi ƙamari a 2023 ta fallasa wannan. Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yara ne da ba su kammala rigakafi ba, alhali allurar kyauta ce.

Mun taɓa fita daga irin wannan rami. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, aka dawo da shi a 2004, kuma yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar nan an same shi ne a Sumaila a 2014. Ba maganin kaɗai ne ya canja a tsakanin shekarun nan ba. Masu kai shi ƙofar gida ma sun canja: hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, da matan unguwa da ke shiga har tsakar gida. Wannan tsari shi muke so a riƙe, a juya shi ga allurar yau da kullum da haihuwa.

Aikin ba ya bukatar kwamfuta. Mai unguwa ya ajiye littafi mai ƙwarin bango. Duk haihuwar da aka yi, ungozoma ko wanzami ko limamin da zai raɗa suna ya sanar da shi: sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa, kwatancen gida, lambar waya in akwai. Da wuya a haifi ɗa a Kano ya kwana bakwai bai bi ta hannun ɗaya daga cikin mutum ukun nan ba. Ranar suna kuwa tana cikin lokaci, domin allurar ciwon hanta ta haihuwa an fi so a yi ta cikin awa 24, amma ita da ɗigon shan inna na farko ana ba da su har zuwa kwana 14, tare da ta tarin fuka. Sai sau ɗaya a wata mai unguwa ko wakilinsa ya ɗauki littafin zuwa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, a buɗe shi kusa da rajistar rigakafi, a bi suna-suna. Wanda yake cikin littafi ba ya cikin rajista, shi za a bi gida a satin.

Wani wurin da ake rasa yara shi ne sati na shida. Allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar, har da mashaƙo da tarin shiƙa, sau uku ake yin ta: sati 6, sati 10, sati 14. Sati shida kwana 42 ke nan, wato kwana biyu bayan arba'in. Mai haihuwar fari ta yi wankan gida wurin iyayenta, a ce a Gwammaja, a can aka yi wa jariri allurar haihuwa aka rubuta shi. Ranar da ta farkon ukun nan ta kama, ta riga ta koma ɗakinta a Sheka, tana yawon arba'in. Asibitin Gwammaja na ganin ta gudu, na Sheka bai san da ita ba. Gyaran layi ɗaya ne a cikin littafi: a tambayi unguwar da za ta koma, a rubuta, mai unguwar nan ya buga wa na can waya.

Sauran matsalolin daga ɓangarenmu ma'aikata suke. Allurar sati shida takan kawo zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. In ba a gaya wa uwa tun a kan benci ba, yaro ya kwana yana kuka, da safe maigida ya kafa doka, shi ke nan an rasa biyun da suka rage. Bayani na minti ɗaya yana hana wannan. Sannan akwai maganar kwalba. Allurar ƙyanda da ta tarin fuka gari ne da ake haɗawa da ruwa, kwalba ɗaya ta yara da yawa ce, kuma in an haɗa sai a zubar da ragowar bayan awa shida. Saboda tsoron asara wasu kan ce wa uwa ta dawo ranar da yara suka taru. Matar da ta nemi izini, ta biya kuɗin adaidaita, ta bar sana'arta, ba lallai ta dawo ba. A buɗe kwalbar. Kuma iyaye su sani: wanda ya tsallake lokaci ba a sake masa daga farko, ana ɗorawa ne daga inda ya tsaya, da tazarar sati huɗu aƙalla. Ɓatan kati ma ba dalilin korar uwa ba ne. Allurar wata 9 da ta wata 15, masu kariya daga ƙyanda, su aka fi mantawa, don a lokacin yaro ya yi ƙwari ana ganin ya wuce haɗari.

Littafin nan ya kamata ya samu shafi na biyu, na masu ciki, a hannun wata dattijuwa da mata suka yarda da ita, tunda ba kowace mace za ta so cikinta ya shiga littafin maza ba. Abin da ke kashe mata a haihuwa sananne ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Abin da ke ba su dama kuwa jinkiri ne, kuma yawancinsa kafin a isa ƙofar asibiti yake faruwa. Maigida ya tafi kasuwa ko ya yi tafiya, ba wanda zai ce a fita. Don haka tun cikin yana wata bakwai ya bayar da izini a gaban mahaifiyarsa ko wani babba a gidan, cewa in abu ya taso a tafi, kada a jira shi. Sai abin hawa. Ƙarfe biyun dare a lungun da mota ba ta shiga, lambar waya ta fi kuɗi amfani. Kowace unguwa ta tsayar da direbobi uku ko huɗu mazauna cikinta, a yi yarjejeniyar kuɗin mai tun da rana tsaka, a rubuta lambobinsu a bayan katin awo. Sai jini: matasan majalisa goma ko ashirin, masu shekara 18 zuwa sama da nauyin kilo 50 aƙalla, su je a gwada rukunin jininsu a rubuta. Mai zubar jini bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu, ba ta da lokacin da za a yi cigiya a rediyo. Ƙaramin adashi na unguwa, da ake ranta wa mai naƙuda a biya daga baya, yana toshe sauran.

Duk wannan ai aikin kwamitin ci gaban mazaɓa ne, kuma jihar nan mazaɓu 484 gare ta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma wani kaso yana sauka kai tsaye a asusun asibitin da aka zaɓa a mazaɓa. Inda kwamiti ke da rai, mutane sun san ranar da kuɗin ya shigo da abin da aka saya. Inda ya mutu, dalilan ba sa wuce uku: an cika shi da 'yan siyasar da ke jiran alawus, babu mace ko ɗaya mai magana a cikinsa, ko kuma ba a taɓa gayyatar mai kemis ba. Wannan na ƙarshe kuskure ne babba, domin kemis shi ne wurin farko da talaka ke kai yaro mai zazzaɓi ko gudawa. Mai kemis da ya san cewa yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ba nasa ba ne, na asibiti ne yanzu-yanzu, ya fi fosta ɗari amfani.

Muna roƙon Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta jiha da masarauta su sa kowane asibitin mazaɓa ya liƙa takarda a ƙofarsa duk wata uku: haihuwa nawa littafin masu unguwanni ya nuna, yara nawa suka karɓi allurar sati shida, nawa suka kai ta sati goma sha huɗu, nawa ne ya shigo asusu, me aka yi da shi. Adadin jiha baki ɗaya yana ɓoye unguwar da aka bari a baya. Kai kuma, Malam Edita, ka tura wakilinka ya ɗauki mazaɓa biyu, ɗaya a Tarauni ɗaya a Ungogo, ya nemi ganin littafin da rajistar, ya buga mana abin da ya tarar.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya a matakin farko,
Birnin Kano