Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga mai riƙe da ragamar garinmu Maraɗi: ina mai tafiya da ƙafa zai taka?

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ka riƙo, ba zan tsaya dogon yabo ba, domin masu yi maka shi suna da yawa kuma sun fi ni iyawa. Ni tsohon malamin makaranta ne, mazaunin unguwar Zariya. Ba ni da mota, babur ɗin da nake da shi kuma na bar wa ɗana tun da idona ya fara rauni, saboda haka duk inda za ni a garin nan da ƙafa nake zuwa, kuma a kan abin da ƙafar tawa take gamuwa da shi kullum nake rubuto maka.

Maganar murafun magudanun ruwa ce ta kawo ni. Ka fi ni sanin cewa a yawancin titunanmu da aka shimfiɗa wa kwalta ko pabe, wato tubalan simintin da ake jerawa a ƙasa, ba a gina wa mai tafiya da ƙafa wata hanya tasa ta daban ba. Murafun simintin nan da aka jera a kan magudanar ruwa su ne hanyarsa, a kansu ɗalibi yake bi zuwa makaranta, a kansu mai ciki take bi zuwa awo, a kansu makaho yake laluben hanya da sandarsa. Idan murfi ɗaya ya ɓace, hanyar ta yanke ke nan, sai mutum ya zaɓa tsakanin tsallake rami da sauka kan titi ya yi gogayya da 'yan kabu-kabu da adaidaita sahu. A makon da ya wuce na ƙirga da kaina, daga bakin layinmu zuwa masallacin da nake sallar Juma'a, tafiyar da ba ta kai ta minti 20 ba, na samu wuri 11 da babu murfi. Wasu ramukan sun daɗe har mun ba su suna, muna kwatance da su idan baƙo ya tambayi gidan wani.

Yadda murafun suke ɓacewa ba wani abin ɓoye ba ne, a gaban idonmu ake yi duk shekara. Da zarar an fara jin ƙamshin damina sai a turo ma'aikata yashe magudanun ruwa, aiki ne mai kyau kuma muna godiya da shi. Su ɗaga murafun da ƙarafa, su kwashe yashi da leda da baƙin laka su tara a gefen hanya, su tafi. Daga nan labari ya ƙare. Tulin ƙazantar nan zai zauna a daidai inda mutum ya kamata ya taka, ya bushe, awaki su tone shi, iska ta kwashi rabi ta zuba wa masu tuyar ƙosai, sauran kuma ruwan farko ya mayar da shi cikin magudanar da aka fitar da shi. Su kuwa murafun, wani ya tsage wurin ɗagawa a bar shi nan, wani a jingine shi jikin katanga da niyyar dawowa, ba a dawowa. Bayan kwana biyu sai ka gan shi ya zama gada a ƙofar gidan wani mai hali, ko ya zama benci a wurin mai shayi, ko kuma yara su farfasa shi da dare su zare rodin da ke ciki su kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Kuɗin jama'a ne aka biya don a gyara hanyar ruwa, amma abin da aikin yake bar mana shi ne hanyar ruwan ta sake cikewa, hanyar mutane kuma ta lalace.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A daminar da ta wuce, wata ranar da aka yi ruwa bayan la'asar, ina tsaye a ƙarƙashin rumfar wani mai faci ina jiran ya tsagaita. Ruwa ya shafe titi da magudana ya zama shimfiɗa ɗaya, ba ka iya bambance inda ƙasa take da inda rami yake. Sai ga wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, ta fito daga makarantar allo, ta ɗora allonta a ka tana kare ruwa, tana bin gefen hanya kamar yadda iyayenta suka koya mata, wato nesa da ababen hawa. Taku ɗaya ta ƙara sai muka ga babu ita, sai allon yana yawo a kan ruwa. Allah ya sa wani ɗan kabu-kabu da ya fake tare da mu ya fi mu zafin nama, ya yi tsalle ya cafko hijabinta ya jawo ta, ta fito da tsagewa a ƙwauri da takalmi ƙafa ɗaya. Ba zan kama sunan wanda ya ɗaga murfin wurin ya bar shi a buɗe ba. Abin da zan faɗa shi ne, washegari mutanen layin suka sari reshen dogon yaro suka kafa a ramin, suka ɗora tsohuwar taya, kuma har ranar da nake wannan rubutu reshen nan da tayar nan su ne kaɗai alamar da ke tsakanin yaran unguwa da ramin. Ganyen ya bushe ya zube tuni, saura sanda.

Ranka shi daɗe, garin nan ya san abin da ruwa yake yi. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ce ta tashi kakanninmu daga kwari ta hayo da su tudu, inda aka yanka sabon gari da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, kuma wannan faɗin da suka bar mana ya isa a fitar wa mai ƙafa rabonsa ba tare da an rushe ɗakin kowa ba. Ba mu kuma manta da ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 ba, wanda ya rusa gidaje ya yi sanadin rasuwar mutane aƙalla 15 a cikin garin nan, Allah ya jiƙan su. A garin da ruwa yake sauka haka, magudana marar murfi tarko ce da aka ɗana wa yaro da tsoho, kuma duk wanda ya taɓa ganin ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga tudu zuwa gulbi ya san cewa wanda ya faɗa ciki a lokacin da ta cika ba lallai ne a same shi kusa ba.

Ina tuna maka da shekarar 2015, lokacin da Maraɗi ta karɓi bikin ranar jamhuriyar Nijar na 18 ga watan Disamba a ƙarƙashin shirin da aka raɗa wa suna Maraɗi Kwalliya. Mun ga sababbin tituna, mun ga fitilu, mun yi tafi har hannuwanmu suka yi zafi, kuma ba zan yi butulci in ce ba a yi aiki ba. To amma kwalliyar da aka yi wa amarya ranar biki, idan babu mai wanke ta daga baya, kowa ya san abin da take komawa. Je ka duba gefen waɗannan titunan a yau ka gaya mana ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wannan ma a tsakiyar gari ke nan, inda manya suke wucewa. Mu na gefe, Zariya da Ali Ɗan Sofo da sauran unguwannin da suke ta miƙewa kullum, sai dai mu ji labari. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 267,000 a birnin nan, kuma duk wanda yake da ido ya san yawan gidajen da aka gina tun daga lokacin, yawancinsu a bakin gari, inda talaka yake iya samun fili, inda kuma tafiyar ƙafa ta fi tsawo.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma na san halin da ƙasa take ciki. Amma ai ba gadar sama na roƙa ba. Murfin magudana siminti ne da yashi da tsakuwa da rodi, maginan garin nan suna zuba irinsa kullum a gidajen mutane. Wanda ya fi wannan sauƙi ma ba ya cin ko dala: a rubuta a cikin yarjejeniyar duk wanda aka ba aikin yashe magudana cewa ba za a biya shi ba sai ya kwashe abin da ya fitar, ya kuma mayar da kowane murfi mazauninsa, mai unguwa ya gani da idonsa ya sa hannu. Masu unguwanni sun san kowane rami da ke ƙasarsu, idan ka tara su ka ba su mako ɗaya za su kawo maka lissafin murafun da suka ɓace, layi bayan layi. A kuma ja kunnen masu sayen tsofaffin ƙarafa, domin yaro ba zai wahalar da kansa fasa siminti ba idan ya san babu mai karɓar rodin. A da, idan muka yi kuka, akan ce mana majalisar gari ba ta zauna ba, ko 'yan siyasa sun kasa jituwa a kan kasafi. Tun da aka rusa majalisun a watan Afrilun 2024 aka damƙa ragama a hannun waɗanda aka naɗa, wannan uzurin ya faɗi. Wuƙa da nama suna hannunka, mu kuma ba mu da wani zaɓaɓɓe a unguwa da za mu tare a ƙofar masallaci mu kai masa ƙara, shi ya sa ka ga na rubuto maka kai tsaye a bainar jama'a.

Akwai kuma inda murfin yake nan daram amma mai ƙafa ba shi da ikon taka shi. Mai gini ya sa a juye masa motar yashi da tubali a kai, su shekara a wurin saboda kuɗin aiki sun yanke. Mai shago ya fito da buhuna da katifu ya jera har bakin kwalta. 'Yan ruwa-ruwa sun kafa teburin kwalaben fetur, kusa da su mai gasa nama ya hura wuta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da safe za ka ga mai karɓar haraji yana bin waɗannan teburan ɗaya bayan ɗaya yana yanka musu tikiti. Wanda ya biya kuwa ya ɗauka ya sayi wurin, kuma da gaskiyarsa, don haka idan ka ce masa ya matsa ka wuce sai ya nuna maka takarda. Ba ina kiran a yi musu irin rusau ɗin rumfunan 'yan kasuwa da aka yi a Yamai a 2016 ba ne, waɗannan 'ya'yanmu ne masu neman abin sakawa a baki, wasunsu ma ni na koya musu karatu. A ja musu layi da fenti, a ce daga nan zuwa nan na kasuwa ne, daga nan zuwa nan na mai wucewa ne, wanda ya tsallake a hana shi tikiti.

Sauran abubuwan ka san su. Fitilun kan titi da suka mutu ba a canza ba, har mutum ya dawo daga sallar isha'i yana haska gabansa da wayar hannu. Ledar da dokar 2014 ta hana shigowa da ita da sayar da ita, wadda har gobe ita ce take toshe magudanun. Manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa, waɗanda idan suka faka a gefe sai kowa ya koma tsakiyar titi. Masu keken guragu kuwa ban ma san ta inda zan fara ba, domin su rami ɗaya ya ishe su komawa gida.

Don Allah, ranka shi daɗe, kada a amsa mini da kafa kwamiti. Ina roƙon ka da girman iyayenka ka zaɓi rana ɗaya kafin damina ta kankama, ka bar motarka da masu rakiya a bakin kwalta, ka zo mu taka tare daga layinmu zuwa masallacin da na ambata. Ni zan shige gaba da sandata tun da na haddace ramukan, zan kuma nuna maka wanda aka kafa wa reshen dogon yaro. Ka sanyo takalmin da ba ka jin asararsa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Zariya, Maraɗi.