Yana haɗiye fushi a hanya, yana sauke shi a gida, ga igiya ɗaya ta rage mana

Assalamu alaikum Hajiya. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili na zamantakewar iyali. Ni mai sauraronki ce daga Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma ina roƙon ki sakaya sunana da na unguwarmu, domin dangin maigidana ma suna kama shirin.

Maganar a kan baban yarana ce. 'Ya'yanmu uku, kuma igiya ɗaya ce ta rage a aurenmu. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar wa wani Alhaji albasa daga nan arewa zuwa Yawunde da Duwala. Kafin in faɗi laifinsa bari in faɗi gaskiyarsa. Ba ya wasa da salla. Ba ya shaye-shaye, ko tiramol ɗin nan da wasu direbobi da 'yan acaɓa ke haɗiya don kada barci ya ɗauke su bai taɓa kai shi baki ba, iyakarsa goro da shayi. Hatsi bai taɓa yanke mana ba. Ciwonsa ɗaya ne, zuciya. Abu kaɗan zai taɓa shi, sai ki ga ido ya kaɗa, baki ya riga hankali, abin da ke hannunsa kuma ya tafi bango.

Sakin farko ya faɗo ne a Janairun 2022, lokacin da garin nan ya cika da baƙi saboda wasannin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya. Ya shigo da abokansa ba tare da ya gaya mini ba, shinkafa ba ta nuna ba, shi ke nan sai "je ki gidanku". Kafin lisha yana zauren babanmu yana hawaye. Na biyun ya zo ne bayan ƙarin kuɗin mai na Fabrairun 2024, da litar gas ta koma sefa 828, alhali shekara guda kafin nan ta tashi daga 575 zuwa 720. Alhajinsa ya matse kuɗin hanya, ni kuma na tambayi kuɗin makarantar yara a ranar da ya dawo. Wannan karon ya so ya ce bai ƙirgu ba tunda cikin fushi ya furta. Limamin da aka kai wa maganar tambaya biyu kawai ya yi masa: ka san da wa kake magana? Ka san abin da ka faɗa? Ya ce ya sani. Liman ya ce to a mazhabarmu ta Malikiyya sakin mai fushi yana aukuwa, sai fa in fushin ya kai ga gushewar hankali. Ya kuma ja masa kunne cewa daga na uku babu kome sai na auri wani aure na gaskiya, kisan wuta kuwa haramun ne. Aka mayar da ni cikin idda.

Duk lokacin da ya huce magana ɗaya yake maimaitawa: haka Allah ya halicce shi, zuciya gadon gidansu ce, hali zanen dutse. Inna, mahaifiyarsa, takan ɗora da cewa marigayi ubansa ya fi shi zafi kuma ta zauna. Na daɗe ina karɓar wannan a matsayin ƙaddara, har ranar da na bi motarsa zuwa Ngaundare don in hau jirgin ƙasa zuwa bikin ƙanwata a Yawunde.

A wani shinge kafin a fara hawan dutsen nan da ke gab da garin, wani mai kaki, yaro ne ma, bai kai ƙanensa ba, ya karɓi takardun mota, ya jujjuya su, ya gaya masa maganar da ba zan iya rubuta miki ba, sannan ya sake su a ƙasa. Ina zaune a gaban mota ina kallo. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga ya dunƙule hannu, na ce yau sai ta Allah. Hajiya, sai ya buɗe hannun a hankali, ya sunkuya, ya tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe ƙura, har da murmushi da "na gode, shef". Da ya shigo mota na tambaye shi, sai ya ce, "Ke, in na biye masa a nan za mu kwana, albasar mutane ta ruɓe."

Wato ya yi lissafi. Cikin ƙiftawar ido ya auna abin da zai biyo baya, ya ja linzami. Daga ranar na sa ido, sai na ga abin ba a shinge kaɗai yake ba. Alhajinsa yana yi masa faɗa ta waya yana "to, ranka ya daɗe". Dillalan albasa suna ja masa rai a kan kuɗin lodi yana dariya. Ko ɗaga murya bai taɓa yi wa Inna ba. Ashe linzamin yana nan, a ƙofar gidanmu ne yake cire shi. Inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima, kuma ni da yara mu ne fatar.

Ba na so in zalunce shi. Na lura yawancin tashin hankalin a ranar dawowarsa ne, bayan ya yi dare da rana yana tuƙi babu barcin kirki, ga yunwa, ga zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ko mai sanyin hali sai ya ƙosa. Saboda haka na daina kawo masa maganar kuɗi sai ya ci ya yi barci, kuma abin ya ragu. Amma a nan ne wani abu ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kowa ni yake ba wa aiki. Ki yi haƙuri, ki san lokacin magana, ki kwashe yara in ya shigo, ki guntsi ruwa a baki. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce wannan nauyinka ne. Ni ce mai gadin zuciyarsa, shi kuma in ta ƙwace sai ya ce shaiɗan ne. Shaiɗan ɗin da ke jin tsoron kaki kuma bai jin tsoron hawayen yara, ni dai ban gane masa ba.

Wa'azi kam ya ji. Shi da bakinsa yake kawo hadisin Abu Huraira cewa jarumi ba mai kayar da mutane a kokawa ba ne, jarumi shi ne mai mallakar kansa a lokacin fushi. Ya san hadisin da ya ce in fushi ya kama mutum yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Sani ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Goggonsa ta ce sammu ne, an yi rubutu ya sha, an yi turare. Na lallaɓa shi aka auna jininsa, aka ce lafiya lau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne babban ɗanmu, mai shekara bakwai. Kwanan baya ƙanwarsa ta taka masa allo, ya ɗauki kwanon sha ya jefe ta a goshi. Da na kama kunnensa bai ce na tuba ba, sai ya dube ni ya ce, "Zuciyata ce ta tashi, irin ta Baba." Ba jini ne ya koya masa wannan jumlar ba, kunne ne. Yanzu in yaran suka ji ƙarar mota a waje, sai ki ga wasa ya tsaya, kowa yana karantar fuskarsa kafin ya ce sannu da zuwa.

To Hajiya, ki ba ni shawara. Ta yaya zan gaya masa abin da na gani a shingen nan ba tare da ya ɗauka gori nake yi masa ba, tunda kalma guda yanzu ta isa ta raba mu? In kuma ba ni ce ya kamata in faɗa ba, wa zan sa? Kawunsa yana jin maganarsa, amma ina tsoron a ce na kai ƙarar miji. Akwai wata hanya ta a zo a gani da mutum irinsa zai bi ya horar da kansa, ko dabarar fita daga gida in ya ji abin na tasowa, ko yarjejeniyar da za mu ƙulla lokacin da yake cikin sanyi? Ko akwai likitocin da ke duba irin wannan ba tare da an ce mutum ya taɓu ba? Sannan me zan ce wa yaron nan, in raba shi da wannan uzuri, ban kuma zubar da mutuncin ubansa a idonsa ba?

Babana ya ce in aka sake, ko da kuka aka zo ba zai buɗe zaure ba. Ni kuma ina son aurena. Don Allah in za ki amsa, ki yi wa mazan magana kai tsaye, domin yakan kama shirin a mota.

Taki mai sauraro,
Uwar yara uku, Garwa.